Wanda Ya sa ni kuka Shi ne Ya sa ni dariya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai ba marubuciya bace, tela ce, ɗinkin mata nake yi a gida nan cikin garin Gombe, don haka duk inda kuka ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri dani a haka. Abinda yasa na zauna nake danna wannan dogon labarin, ina yawan ganin mata an musu rasuwa ko wani iftila'i ya faɗa musu sai su ɗauka in suka yi dariya sun ci amanar wanda ya tafi, ko kuma mutane zasu ce basu damu ba. Ni na zauna a cikin wannan halin kuma na san abinda ya yi wa jikina da yarana.

Baban yara ya rasu ranar Alhamis 16 ga watan Yuli 2015, jajibirin ƙaramar sallah. Duk ɗan Gombe ya san ranar nan ba sai an tuna masa ba. Bayan la'asar ne, babbar kasuwa ta cika maƙil kowa na sayayyar sallah sai bam ya tashi, kafin mutane su gama gane me ya faru na biyu ya sake tashi, mutum kusan hamsin suka rasu banda waɗanda suka ji rauni. Shi ba ɗan kasuwa bane ma, malamin firamare ne, takalmin autanmu ya je canzowa don wanda ya sayo ya matse masa ƙafa. Da azumi a bakinsa ya tafi. Ni ina gida kan keke ina fama da ɗinkin sallar mutane, naji ƙarar har cikin ƙirjina amma ban kawo shi a raina ba sam, don a lokacin kunnenmu ya riga ya saba, ko a ƙarshen 2014 an tada na tashar Dukku. Washegari jama'a na tafiya idi mu muna karɓar gaisuwa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma kamar yadda Allah Ya faɗa a suratul Baƙara. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, Dada muke ce mata, Bafillatana ce 'yar wajen Dukku, ɗakinta na kallon nawa. Kwanakin farko gida cike da mutane baka ma samun sararin jin zafin abin, sai bayan sadakar bakwai da kowa ya watse sannan na gane me ya same ni. Barci ya ƙaurace min, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai gabana ya yanke, kaina kullum ɗaure tamau da ɗankwali saboda ciwo. Kuka kuwa abin mamaki ban cika yi ba, mutane har yabona suke wai ina da tawakkali, ni kuwa na san ba tawakkali bane, abin ne ya tsaya min a ƙirji ya ƙi fita ya ƙi komawa.

Yarana su suka fi shan wahalar wannan. Sai su kasance a tsakar gida suna 'yar hirarsu wani ya faɗi abin dariya, da sun ji motsin labulena sai kowa ya yi tsit ya sunkuyar da kai. Ban taɓa buɗe baki na hana su ba, fuskata kawai suke karantawa, ai dama labarin zuciya a tambayi fuska. Autan kuwa ya daina magana sai da ƙyar, ya koma fitsarin kwance, kuma ya ƙi sa kowane irin takalmi ko silifas, ashe ya ji masu gaisuwa na ta maimaita cewa takalminsa baban ya je canzowa sai ya ɗora wa kansa. Yaron da bai wuce shekara biyar ba fa.

Dada ce ta fara fasa shirun. Kun san wasan jika da kaka, tun yana goye take ce masa mai gidana, shi kuma da ya yi baki yake ce mata matata. Ko arba'in ba a yi ba, wata safiya ina ɗaki naji muryarta tana cewa "kai mai gida wane irin miji ne kai, gari ya waye ba kuɗin cefane ba goro, ni fa wajen alƙali zan kai ka". Shiru. Washegari ta sake, haka ta dinga yi masa kullum yana binta da ido kawai, har ranar da ya buɗe baki yace "ni na sake ki, tsohuwa ba haƙori, amarya zan yi". Dada ta kwashe da dariya har da tafi tana kiran a zo a taya ta ganin butulci, yayyensa suka tuntsire. Ni kuma ina ciki raina ya ɓaci ba kaɗan ba, a zuciyata nace wannan tsohuwa ɗanta ne fa aka binne. Ba halin magana, suruka ce.

Amma da yake bana barci ni nake jin abinda sauran gida basa ji. Wajen ƙarfe biyu uku na dare sai inji ta taɓa buta ta tada salla, a sujada inji sheshsheƙarta, kuma ita da tunda na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba saboda kunya, a sujadar nan naji ta kama. Da asuba ta wanke fuska ta fito ta ci gaba da neman kuɗin cefane wajen mai gidanta. Wata rana na kai mata kunu, ban tambaye ta komai ba ita da kanta tace "'yar nan, dare ya ishe ni kuka, rana ta yaran nan ce, in ni da ke duk muka ɗaure fuska wa zasu kalla".

Sai kuma maƙwabciya. A shekarun nan Gombe ta cika da 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe da Adamawa, kusan kowace unguwa akwai su, wasu a gidan 'yan uwa wasu haya. Wata dattijuwa Babarbariya daga Bama, cikin waɗanda suka gudo lokacin da garin ya faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba 2014, ta kama ɗaki a gidan da ke jikin namu ita da jikokinta, yara suka sa mata Iyan Barno. Mijinta an kashe shi, 'ya'yanta maza biyu ba gawa ba labari, wanda ni a ganina ya fi nawa ciwo don ni ko ba komai na san inda kabarin nawa yake. Toh Fulani da Barebari kuma sai wanda ya gani. Tun ranar da ta shigo ta'aziyya, ta gama addu'a aka shafa, ta dubi Dada tace "ashe gidan bayina na shigo, tashi ki kawo min ruwa". A zaman makoki fa. Dada tace "yau ga baiwa da ƙarfin hali, wa ya kwance ki".

Daga nan kullum bayan la'asar tana gidanmu, su shimfiɗa tabarma su yi ta yi. Ita tace Bafillatani in saniyarsa ta yi tari sai ya sayar da akuya ya kira malamin dabbobi, in matarsa ce ba lafiya yace ta sha ruwan ɗumi. Dada tace Babarbare ya gwammace ya kwana da yunwa da ɗakinsa ya kwana ba turare. Ba a fushi, dokar wasan kenan tun kakanni, irin na Kanawa da Zazzagawa ko Gobirawa da Yarabawa, duk abinda abokin wasanka ya faɗa maka sai dai ka rama da baki.

Ranar da abin ya faru dani Iyan Barno ce ke ba Dada labarin gudunsu. Ba labarin daɗi bane ko kaɗan, harbi ta ko ina, tafiyar ƙafa cikin daji da yara har Maiduguri. Tace da harbi ya matso ta faɗa ɗaki da niyyar ɗauko ƙullin da take ajiye 'yan kunnenta na zinari da kuɗin adashi, ta rarumo ƙulli ta cusa a zani ta fita da gudu, ta rungume shi tsam duk tsawon hanya ko kama ruwa zata yi bata ajiyewa, sai da suka isa ta samu lungu ta kwance ta ga ashe sabon kaskon turaren da ta naɗe a tsumma ne ta ɗauko. Dada ko ɗagowa bata yi ba tace "ai na faɗa, Babarbare ko lahira za shi sai ya tsaya ɗaukan kasko". Wallahi ban san lokacin da ta kuɓuce min ba. Ina zaune bakin gado da carbi a hannu naji dariya ta taso tun daga cikina, na toshe baki da hijabi ta ƙi tsayawa, na yi ta yi har cikina ya ƙulle har na zamo ƙasa, can kuma ban san inda ta juya ba sai gani ina kuka, kukan da ban yi ba tun ranar da aka fita da shi, da ƙarfi da majina da komai. Su biyun suka shigo, ba wadda tace min yi shiru, Iyan Barno ta ɗora kaina a cinyarta tana bubbuga bayana tana wata magana da Barbarci da ban ji ba. A daren nan na yi isha'i na kwanta ban farka ba sai da ladan ya yi assalatu.

Gashi katangar gidajenmu ba wani tsawo, an ji. Kafin azahar magana ta kai kunnen yayar marigayi, ta zo har ɗaki tace "ke yanzu ko kunya, ƙasar kabarinsa bata bushe ba kina ƙyaƙyata dariya har layi ana ji, ai Annabi ma ya ce yawan dariya na kashe zuciya". Ban ce komai ba sai "Allah Ya baki haƙuri Adda". Bana riƙe ta da wannan, ƙaninta ne, ita ma nata ciwon ne ya fito ta nan, amma maganar ta zauna min.

Malamar islamiyyarmu tana leƙo ni lokaci lokaci tunda ni ba fita, da ta zo nace Malama don Allah mai takaba in ta yi dariya ta yi laifi? Tace abinda aka hana mai takaba sananne ne, ado da turare da kwalli da lalle da kwana a wani gida da ɗaura aure, babu dariya a ciki. Sai tace in ɗauko Alƙur'ani in buɗe suratun Najmi aya ta 43 da 44, ta sa na karanta da bakina, kuma lalle Shi ne Ya sa dariya kuma Ya sa kuka, kuma lalle Shi ne Ya kashe kuma Ya raya. Tace "kin gansu a jere, Wanda Ya ɗauki mijinki Shi Ya aiko miki da dariyar nan, ke wace ce da zaki karɓi ɗaya ki mayar da ɗaya". Na haddace surar nan tun ina budurwa amma ranar ne ta shige ni.

Ta tuna min cewa Annabi sallallahu alaihi wasallam 'ya'ya bakwai ya haifa, shida sun rasu yana raye, Nana Faɗima kaɗai ta rage bayansa, ga maraici tun yana yaro, ga rasuwar Nana Khadija, ga kashe baffansa Hamza a Uhudu, amma duk da haka sahabi Abdullahi ɗan Haris yace bai taɓa ganin wanda ya fi shi yawan murmushi ba. Da ɗansa Ibrahim ya rasu ya zubar da hawaye, yace ido na hawaye zuciya na baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abinda Ubangijinmu Ya yarda da shi. Kuma shi ne dai da ɗan tsuntsun ƙanin Anas ya mutu yaron na cikin damuwa yake tsokanarsa, ya Aba Umair me ɗan tsuntsu ya yi. Da ta kawo wannan sai nace a raina ashe Dada da bata yi karatun littafi ba sunna take yi da jikanta. Hadisin da Adda ta kawo kuma tace yana nan daram, amma yawa aka ce, mutumin da ya mai da rayuwarsa duk shashanci ya manta da lahira, in ba haka ba ai sahabbai bayan asuba sukan zauna su tuno abubuwan jahiliyya su yi dariya Annabi na murmushi. A salla ne dai ba wasa, ko a Ahalari mun karanta wanda ya yi dariya a salla ta ɓaci, murmushi ne ba komai.

Daga nan na ɗaura niyya, kuma nan ne nake so mata su ji ni da kyau, ban zauna jiran dariya ta zo da kanta ba don in jira zan yi wata sai ya ƙare bata leƙo ba. Hadisi yace murmushinka a fuskar ɗan uwanka sadaka ne, ni kuma a lokacin bani da abin sadaka, sai nace to ga wadda bata buƙatar ko kwabo. Kullum in na idar da asuba na gama azkar, kafin in tashe su sai ince ya Allah zan yi wa marayun nan sadaka da fuskata Ka karɓa. Da farko yaƙe ne kawai, ni kaina na san haƙora nake buɗewa, babbar 'yata har sai da tace Umma lafiya kuwa. Amma ƙanana basa tsayawa bincike, in kika sake musu fuska su ma sai su saki. Autan ya fara zuwa kawo min ƙarar matarsa wai ta cinye masa ƙuli-ƙuli, Dada daga ɗaki tace "da wane haƙorin, ba kai kace bani da shi ba". Kafin in fita takaba ya yarda ya sa takalmi, ita ce tace bata zaman aure da miji mai yawo ƙafa a ƙasa.

Kar wata ta ɗauka shikenan na warke. Bayan na fita takaba ciwon kan bai bari ba, naje asibiti aka auna aka ce hawan jini ne, likita yace duk abinda ya kai 140 bisa 90 ya zauna a nan to ya zama ciwo, nawa kuwa ya wuce nan sosai. Ya ɗora ni kan ƙwaya, ya hana ni yawan gishiri da magi, yace in dinga tattaki, sannan ya tambaye ni ko ina da waɗanda nake hira dasu. Nace akwai wasu tsofaffi biyu. Yace to ki riƙe su. Har yau ina shan maganina, kuma duk wadda tace min ta ajiye ƙwaya ta koma addu'a da nishaɗi zalla ina mata faɗa sosai, hawan jini baya sallama yake kayar da mutum.

Babbar 'yata yanzu nas ce, ita ta zo min da bayanin boko a kan abin tun tana makaranta. Tace in mutum na cikin damuwa jikinsa na zubo da wani sinadari kotizol da ɗan uwansa adirenalin, su ke sa zuciya bugawa da sauri barci ya gudu, amfaninsu na ɗan lokaci ne in ana gudun haɗari amma in suka zauna kullum sai su zama cuta. Dariya ta gaske irin wadda ciki ke motsi tana sa mutum ya ja iska sosai, naman jiki ya saki bayanta, kotizol ya ragu, ƙwaƙwalwa kuma ta saki endofin mai rage jin zafi, har masu bincike na jami'ar Oxford ta Ingila sun fitar a 2011 cewa waɗanda suka yi dariya tare sun fi jure zafi bayanta. Ta bani labarin wani ɗan jarida a Amurka, Norman Cousins, da ciwon ƙashin baya da gaɓoɓi ya kwantar a 1964, shi yace in ya samu minti goma yana dariya har cikinsa sai ya samu barcin awa biyu ba zafi. Da naji maganar barcin nace wannan bature bai yi ƙarya ba, ni shaida ce.

Ita ce kuma ta nuna min bidiyo a waya na wani likita a Indiya, Madan Kataria, wanda a 1995 ya fara tara mutane a wani lambun shaƙatawa a Mumbai, su biyar suka fara, da labaran ban dariyarsu suka ƙare sai ya koma sa su dariya haka kawai ba dalili, ana tafi ana ho ho ha ha ha, wai ta ƙarya in ana yi ana kallon juna sai ta koma ta gaske. Abin ya bazu ƙasashe da yawa har suna da ranar dariya ta duniya Lahadin farko na watan Mayu. Nace bari mu gwada ranar zubin adashi. Muka taru a tsakar gidanmu aka yi da'ira 'yata na gaba tana tafi, manyan mata masu jikoki muna ho ho ha ha ha, Dada ta ƙi tashi tana kan tabarma tana kallonmu tana salati. Ba a jima ba sai sallama a ƙofar gida, ashe wani dattijo maƙwabcinmu ne ya ji hayaniyar ya tabbata aljanu ne suka tashi a gidan marayu, bawan Allah ya je ya taho da mai ruƙiyya har da ruwan addu'a a jarka. Iyan Barno ta leƙa tace "malam ka zo a daidai, ga shugabarsu can kan tabarma, aljanin Fulani ne ya ƙi fita". Ranar kam akwai wadda sai da aka ara mata zani ta koma gida.

Bamu sake yin na Indiya ba. Ban ce ba shi da amfani ba, inda kowa ya kulle ƙofarsa ba mai shiga gidan wani wataƙila sai da haka, amma mu da muke da kaka da jika, da taubasai masu zuwa karɓar kuɗin shara ranar cika-ciki, da yara masu tashe in azumi ya kai goma, ga Barebari a maƙwabta, ban ga dalilin tsayawa muna ƙirƙiro ta ba. Abinda ke bani tsoro namu ɗin ne muke sakewa. Yaran yanzu da yawa basu ma san taubasansu ba, kowa ya sunkuya kan waya yana dariya shi kaɗai da bidiyon wanda ake ci wa mutunci, wannan kam ni bana sa ta cikin magani, in na kalli irinsu nakan tashi zuciyata ta fi da nauyi.

Zaman la'asar ɗin nan na su Dada shi ne ya girma ya zama na duk ranar Asabar, yawancinmu matan da mazansu suka rasu ne da zawarawa. Ba ƙungiya bace, ba suna ba shugaba ba rajista. Mukan fara da karatu kaɗan da salati, kowa da abin hannunta, mai saƙa mai gyaran zogale, sai hira ta ɓarke. Sharaɗinmu dai ba a dariyar wadda bata nan, ba a dariyar halittar mutum, kuma ba a ƙarya don a ba mutane dariya tunda Annabi yace bone ya tabbata ga mai yin haka, in zaki ba mu dariya ki ba mu da kanki. Kuma abin baya ƙarewa, ko kwanan nan wata ta bamu labarin yadda ta hau keke napep ta yi ta yi wa direban faɗa a zaton ɗan yayarta ne, wai me ya hana shi zuwa gaisheta, yaron mutane yana ta ba da haƙuri har ya sauke ta bai karɓi kuɗi ba.

In aka yi rasuwa a unguwa bama zuwa da barkwanci, wannan rashin hankali ne, Iyan Barno kaɗai ke da lasisin haka ita ma sai a gidan Fulani. Mukan bari sai mutane sun watse ɗaki ya yi shiru sannan mu fara leƙawa, mu zauna inda zata ji mu muna hirarmu ba tare da mun matsa mata ba. Wata da wuri take fitowa, wata sai ta gama takaba. Akwai wadda muka yi ta zuwa ba canji, bata ci bata wanka tana cewa gara ta bi shi, wannan 'yata tace ya fi ƙarfin hira, ciwon damuwa ne mai tsanani, aka kai ta ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, da ƙyar danginta suka yarda wai za a ce ta haukace. An ɗora ta kan magani, yanzu tana zuwa zaman, ita ce ma ta fi kowa iya kwaikwayon masu tallan maganin gargajiya a lasifika.

Ni har yanzu duk jajibirin sallah sai na rufe ɗaki na yi kukana, kuma bana shiga babbar kasuwa cikin azumi, yara nake aika su sayo min zare da leshi. Adda mun daɗe da shiryawa, takan zo zaman Asabar wani lokacin ta zauna gefe tana cewa Allah Ya shirye ku kafaɗarta na rawa. Dada ta tsufa sosai ido ya yi rauni, Iyan Barno kuma ta koma Maiduguri wajen 'yarta, labarin 'ya'yanta maza har yau shiru. Duk Juma'a bayan an sauko sai an kira ta a waya an sa a sifika, ko gaisawa basa yi suke fara musun wace ce baiwar wata har kati ya ƙare, katin kuma ni ke saya don Dada tace mai gidanta ga shi har ya kai sakandare ya fara gashin baki bai taɓa kawo kuɗin cefane ba.